Filin gado eka ɗaya da rabi: tumaki nawa zai ɗauka?

Assalamu alaikum Malam. Ni matar aure ce, ina da 'ya'ya huɗu. Da aka raba gadon mahaifinmu na samu fili, mai awo ya ce eka ɗaya da rabi ne. Na daɗe ina tara 'yan kuɗi da burin in fara kiwon tumaki, abin da ke hannuna zai iya sayen kamar goma sha biyar. Yayana ya ce in ƙara da rance in cike ashirin, wai da damina ciyawar filin har ƙugu take kaiwa, asara ce a bar ta haka. Maigidana kuma ya ce filin ko tumaki biyu ba zai riƙe ba, in haƙura in sayar. Inda muke ana yin kamar wata shida babu ruwan sama. Ban taɓa kiwon komai ba sai kaji. Maganar ta fara zama saɓani tsakaninsu, ni kuma ina tsakiya. Filin nan zai isa? Da nawa zan fara?

Daga wata 'yar'uwa

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah Ya jiƙan mahaifinku, Ya sa albarka a abin da ya bar muku.

Ga amsar tun kafin dogon bayani. Kada ki ci bashi, kada ki sayi ashirin, kada ma ki sayi sha biyar ɗin da kuɗinki zai iya. Filin kuma kada ki sayar. Da huɗu ko biyar za ki fara, su ma ba a wannan watan ba, sai kin tanadi abin da za su ci a wata shidan da kika ce ba a ruwa. Yayanki filin damina yake kallo, maigidanki kuma filin rani. Lissafi ne zai raba gardamar, kuma lissafin bai fi ƙarfin wadda ta iya tara kuɗin tumaki sha biyar ba.

Kowa so yake a ce masa eka ɗaya tumaki kaza take ɗauka, alhali babu wani adadi ɗaya da ya dace da ko'ina. A ƙasashe irin su Ingila da Niyu Zilan, inda ruwa ke sauka yawancin shekara kuma ake shuka ciyawa ana ba ta taki, hekta ɗaya takan riƙe tumaki 10 ko fiye. A busassun yankunan cikin Ostareliya kuwa, tunkiya ɗaya tak sai an ware mata hekta da dama. Yawan ruwan sama, ƙarfin ƙasa da yawan watannin da ciyawa ke tsiro su ne suka raba su. Saboda haka abin da za ki nema shi ne kilo nawa na abinci filinki ke fitarwa a shekara, kilo nawa kuma tunkiya ke ci.

Hekta murabba'in mita 10,000 ce, eka kuma kusan 4,047. Filinki ke nan ya ɗan haura murabba'in mita 6,000. In kin cire wurin rumfa, ma'ajiyar abinci, hanya da gindin shinge, abin da zai rage wa ciyawa kusan 5,000 ne, wato rabin hekta. Da wannan za mu yi aiki.

Tunkiya tana cin kimanin kashi 3 cikin 100 na nauyin jikinta a kullum, in an auna abincin a bushe. Ɗanyar ciyawa kusan kashi uku cikin huɗu nata ruwa ne, shi ya sa ake lissafi da busasshiya. Tunkiya mai kilo 40 tana buƙatar kilo 1.2 na busasshen abinci a rana, wanda in ɗanyar ciyawa ce zai kai kilo 5. A shekara ya zama kilo 438. To amma ba a ajiye tunkiya don ta tsaya haka nan. Za ta ɗauki ciki, a makonni shidan ƙarshe buƙatarta ta ƙaru, in ta haihu tana shayarwa ta ƙaru sosai, ɗan kuma kafin ya cika wata guda ya fara tsinkar ganye. Ga abin da za su tattake ko su ɓata da fitsari su ƙi ci. Ni dai kilo 600 nake sa wa kowace tunkiya da ɗanta a shekara. In manyan iri ne masu kilo 60, sai ki ƙara rabin wannan a kai.

Sai kuma filin. An ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima. A kan ciyawa dai ban yarda da kimar ido ba, domin ya sha jefa masu fara kiwo cikin asara. Ki samu sanduna huɗu, kowace mita ɗaya, ki ɗaure su su yi murabba'i. Lokacin da ciyawa ta cika, wajen ƙarshen damina, ki shiga filin ki jefa wannan murabba'in a wurare biyar ko shida ba tare da zaɓe ba. In ya faɗa kan faƙo ko wurin da ciyawa ta yi jefi-jefi, a nan za ki auna, kada ki matsar da shi. Ki yanke abin da ke ciki da lauje, ki tsince ƙaya da tsire-tsiren da tumaki ba sa ci ki zubar, ki shanya sauran har sai ya bushe yana karyewa, ki ɗora a sikeli, ki raba jimillar da yawan wuraren. Duk giram 100 da kika samu a murabba'i ɗaya yana nufin kilo 1,000 a hekta, wato kilo 500 a naki rabin hektar.

A ce, misali, kin samu giram 300. Filinki ya ba da kilo 1,500 ke nan. Sai dai ba duka za ki lissafa ba. Ƙa'idar da masana makiyaya suka daɗe a kai ita ce a ci rabi a bar rabi, kuma dalilinta ya kamata ki gane shi sosai, domin a nan filaye ke mutuwa. Da ganye ciyawa ke sarrafa abincinta, da shi take ciyar da saiwarta. In aka cinye ganyen har ƙasa, sai ta ɗebo daga ajiyar saiwa ta sake toho. In aka sake cinye tohon kafin ta mayar da abin da ta ɗebo, saiwar ta gajarta. Sau uku, sau huɗu, sai ta mutu. Tunkiya kuwa ta fi saniya iya wannan ɓarnar. Leɓenta na sama a tsage yake, bakinta siriri, tana iya kai haƙoranta daf da ƙasa, ga ta da zaɓe. Mai daɗin take fara ci, ya sake tohowa ta koma kansa, ta bar mai ɗaci da mai ƙaya suna yaɗuwa. Bayan damina biyu ko uku sai ki ga filin yana nan kore, amma abin da ya rufe shi babu wanda dabba ke ci. Inda ya zama faƙo kuma ruwa ya riƙa wanke ƙasar sama yana tafiya da ita. Gyaran irin wannan filin shekaru yake ci.

Rabin 1,500 shi ne 750. Tumaki ashirin ɗin Yaya suna cin kilo 24 a rana, ko da babu mai ciki ko mai shayarwa a cikinsu. Ki raba 750 da 24, za ki samu kwana 31. Wata ɗaya za su yi su lashe abin da filin ya tara a shekara, sauran wata sha ɗayan daga aljihunki za su ci, ga bashi a wuya. In kuma kika raba 750 da 600, tunkiya ɗaya da ɗan ɗori kika samu. Kin ga maganar maigidanki ba ta yi nisa da gaskiya ba, in dai za a bar filin yadda yake a saki dabbobi a ciki.

Ciyawar nan da ta kai ƙugu ma, wadda ta burge Yaya, tsawonta ba alamar kyau ba ne a wajen tunkiya. Ciyawa in ta yi kara ta fitar da kai, ta tsufa. Sinadarin gina jiki da ke cikinta ya ragu, zare ya yi yawa. Ƙananan halittun da ke cikin tumbin tunkiya, waɗanda su ne ke narkar mata da abinci, suna buƙatar abincin ya ƙunshi wajen kashi 7 cikin 100 na sinadarin gina jiki kafin su yi aiki yadda ya kamata. Ciyawar da ta bushe a tsaye a ƙasashe masu zafi takan sauka ƙasa da kashi 4. Shi ya sa za ki ga tunkiya a tsakiyar busasshiyar ciyawa, cikinta a cike, tana ramewa. Gajeriya mai yawan ganye ita ce abincin tumaki.

Inda na rabu da maigidanki shi ne, ba dole ba ne a bar filin yadda yake. Ƙaramin fili gonar abincin dabba ake mayar da shi. Rabin hektar da aka shuka wa ciyawa mai kyau, aka haɗa ta da dangin wake, aka riƙa mayar mata da taki, tana iya ninka abin da take bayarwa sau biyu ko uku in ruwa ya wadata. Gamba tana jure fari. Ciyawar giwa tana ba da yawa amma tana son laima da taki. Wake da ɗan'uwansa lablab suna ba da harawa mai gina jiki, suna kuma ƙara wa ƙasa ƙarfi. Zogale a jikin shinge ganyensa yana taimakawa lokacin da komai ya bushe. Bishiyar Leucaena ma haka, sai dai ita kada ta wuce kashi ɗaya cikin uku na abin da suke ci, don yawanta yana cutar da su har gashi ya zube. Wanne zai yi a ƙasarku, malamin gona na yankinku da maƙwabtan da suka riga ki za su fi faɗa miki, su suka ga abin da ya kama da abin da ya ƙi.

A ce an dace filin ya kai giram 800 a murabba'in mita, in an haɗa duk yankan shekara. Kilo 4,000 ke nan. Abin da aka yanka aka kai wa dabba kuma asararsa ba ta kai ta wanda aka sake ta a kai ba, don babu tattakewa. In kin tsira da kilo 3,000, kin samu abincin tumaki biyar da 'ya'yansu. Daga nan biyar ɗin da na ce ta fito. Ki lura, wannan lissafin shekara mai kyau ne, kuma shekarar farko ciyawar da aka shuka ba ta kaiwa haka. Saboda haka ki sa a ranki za ki sayi ƙari, ki ware kuɗinsa tun yanzu.

Ki raba filin biyu. Rabi na yanka da ajiya, dabba ba ta taka shi. Rabi na kiwo. Tumaki biyar, kowace kilo ɗaya da rabi a rana in an haɗa da abin da ke zubewa, sau kwana 180 na rani, kilo 1,350 ke nan na ingirici da harawa. Wannan shi ne adadin da nake so ki gani da idonki a ma'ajiya kafin tunkiya ta farko ta shigo. Ki yanka ciyawar daf da za ta fitar da kai, ki shanya ta kwana biyu zuwa uku ana juyawa, ki ɗauke tana da sauran kore, ki jibge a kan katako ko duwatsu ƙarƙashin rufi. Wadda ta yi fumfuna a zubar, tana sa ɓari da ciwo. Abin da filin bai cike ba ki saya lokacin girbi, lokacin da harawa da ɓawon wake da kara suka yi yawa. Wanda ya bari sai tsakiyar rani shi ke saye da tsada.

Yanzu ga abin da ba Yaya ba maigida babu wanda ya ambata, kuma shi ya fi kashe tumakin da aka cunkusa a ƙaramin fili, wato tsutsar ciki. Mafi muni a cikinsu wata 'yar siririya ce mai shan jini, masana na kiranta Haemonchus. Macenta ɗaya tana zuba ƙwai dubu biyar zuwa dubu goma a rana. Ƙwan yana fita cikin kashi, in akwai ɗumi da laima cikin kwana huɗu zuwa bakwai ya zama 'yar tsutsar da ke hawa ciyawa tana jiran baki. Ba ta hawa da nisa, yawancinsu suna cikin santimita 5 zuwa 10 na ƙasa-ƙasa, daidai inda tunkiya mai jin yunwa ke kai bakinta. In tunkiya ta haɗiye, bayan kamar mako uku tsutsar ita ma ta fara zuba ƙwai. Kin ga yawan dabba a fili ɗaya ninki biyu yake cutarwa, ciyawa ta gajarta, ƙwai kuma ya yi yawa a inda ta gajarta. Sau da yawa ma babu zawo. Sai dai ki ga tunkiya tana zama baya in ana tafiya, ƙarƙashin haɓarta ya kumbura da ruwa, in kin buɗe fatar idonta ta ƙasa ki ga ta yi fari fat. 'Yan raguna da masu shayarwa su ke fara faɗuwa.

Maganin da ba a saye shi ne juya wurin kiwo. Wani manomi kuma masani ɗan Faransa, André Voisin, ya yi suna a shekarun 1950 da nuna cewa lokaci shi ne sirrin makiyaya, dabba ta yi ɗan gajeren zama a wuri, wurin kuma ya samu dogon hutu. Ki raba rabin kiwon gida goma, kowane murabba'in mita 250. Su yi kwana uku ko huɗu a gida ɗaya su matsa gaba, kafin ƙwan da suka zubar ya zama abin cutarwa. Kafin su zagayo, gidan farko ya huta wata guda ko fiye. A wuri mai zafi da laima yawancin 'yan tsutsar suna mutuwa cikin mako huɗu zuwa shida in ba su samu dabba ba. A ƙasashe masu sanyi kuwa suna yin watanni, can hutun wata ɗaya ciyawa kawai yake amfana. Kada ki jira kwanakin su cika in ciyawar ta sauka zuwa tsawon yatsu huɗu a jere, fitar da su. Kada kuma ki sake su da sassafe raɓa na kan ganye, bari rana ta ɗan ɗaga.

Ba sai kin gina shinge goma ba. Na kewaye ɗaya mai ƙarfi ya isa, na ciki kuma mara nauyi wanda ake ɗagawa a matsar. Turke ma yana yi. Igiya mai mita 5 tana ba tunkiya da'ira mai murabba'in mita 78, a matsar da turken kullum. Sai dai dabbar da ke ɗaure ba ta iya guje wa kare ko rana, kuma igiya na iya shaƙe ta, don haka a yi ɗaurin da ba ya zargewa, a ajiye mata ruwa kusa, a kuma samu mai leƙawa.

Maganin tsutsa na kanti yana da amfani, amma kada ki mayar da shi abin ɗura wa kowa duk wata. A ƙasashe da yawa tsutsar ta riga ta saba da magungunan saboda irin wannan. A Afirka ta Kudu aka ƙirƙiro wani kati mai suna FAMACHA a shekarun 1990, mai launi biyar daga ja zuwa fari, ana gwada shi da fatar idon dabba a ba wa waɗanda suka yi fari kaɗai. Ki roƙi likitan dabbobi ya nuna miki yadda ake dubawa, abu ne da za ki koya a zama ɗaya, ki riƙa yi duk mako biyu da damina. In filin yana da ɓangaren da ruwa ke kwanciya, ki killace shi gaba ɗaya. A irin wurin ake samun 'yan ƙananan katantanwa masu ɗauke da tsutsar hanta, kuma tsayuwa cikin laka ke ruɓar da kofato.

In da ni ne, a daminar farko ko kiwon ba zan sake su ba sosai. Zan yanko in zuba musu a abin da aka ɗaga sama da ƙasa, in bar ciyawar da na shuka ta kafu. Amma wannan aiki ne, kilo 25 zuwa 30 na ɗanyar ciyawa kullum, ko ana ruwa ko ana biki. Wasiƙarki ba ta faɗi nisan filin da gida ba, kuma tambaya ce babba. Tumaki suna son a gan su safe da yamma. Ke da 'ya'ya huɗu, wa zai yanka, wa zai ɗebo ruwa, wa zai kwana kusa da su? In amsar ita ce "za a samu", to ba a samu ba tukuna.

Ruwa kuma, tunkiya tana shan lita 4 zuwa 8 a rana, mai shayarwa a lokacin zafi ta kai 10 ko fiye. Ki lissafa lita 50 kullum da rani, ki san inda za ta fito. Rumfa ba ta buƙatar tsada. Murabba'in mita ɗaya da rabi ga kowace, biyu ga mai ɗa, wato mita 3 sau 4 ya ishi biyar. Ta kasance a tudu, ƙasanta a bushe, iska na ratsawa. Ɗaki rufaffe mai warin fitsari shi ke jawo musu tari. Komin abinci ya ba kowace wajen santimita 40 don su ci a lokaci ɗaya, in ba haka ba mai ƙarfi ta ƙoshi mai rauni ta kwana da yunwa. Shinge ya kai mita ɗaya da 'yan kai, ki fi kula da gindinsa, ta ƙasa 'yan raguna ke fita, ta ƙasa kare ke shiga. Tunkiya ɗaya a gonar maƙwabci na iya ɓata zumuncin shekaru. Kafin ki kafa ginshiƙi ko ɗaya, ki tabbatar iyakar filin ta fito sarai tsakaninki da sauran magada, ki kuma bincika ko hukumar yankin ta yarda da ajiye dabbobi a wurin.

Ki zagaya filin ki tuge zaƙami da zurma, ki tsince leda, domin tunkiya in ta haɗiye ta a tumbi take zama. Kada su ci gyauron dawa ko ƙaramar dawar da fari ya kama, akwai guba a cikinta mai kashewa nan take. Hatsi da dusa a fara da kaɗan a ƙara a hankali, cika su a rana ɗaya na kashe dabba, yawan dusa kuma yana toshe wa raguna fitsari. Gishirin lasa ki nemi na tumaki. Wanda aka haɗa don shanu yakan ƙunshi sinadarin jan ƙarfe da yawa, wanda ake wa alama da Cu a jikin buhu, tumaki kuwa yana taruwa a hantarsu har ya kashe su.

Wani abin da zai kwantar wa Yaya da hankali shi ne biyar ba ta zama biyar. Cikin tunkiya wata biyar ne, kusan kwana 150. Kafin shekara ta zagayo bakunan da ke filin sun kai goma ko sha biyu in an samu tagwaye. Wanda ya cika filinsa ranar farko bai bar wa 'ya'yan wuri ba. Saboda haka ki yanke tun yanzu cewa 'yan ragunan sayarwa za a yi, a raba su da mata tun suna wata uku zuwa huɗu kafin su fara barbara. Kada kuma ki sauka ƙasa da uku, tunkiya dabbar garke ce, ita kaɗai ba ta sakewa ta ci. Rago ɗaya yana isar tumaki 30, don haka ciyar da shi shekara guda saboda biyar nauyi ne. Ki sayi waɗanda suka riga suka ɗauki ciki, ko ki yi aron rago daga garken da kika yarda da lafiyarsa. Ki fi son saye daga hannun mai kiwo na kusa da ku, wanda dabbobinsa suka saba da yanayinku, kuma duka daga wuri ɗaya. Duk baƙuwar da za ta shigo daga baya a ware ta mako uku zuwa huɗu, a yi mata rigakafin da likita ya ce ana yi a yankin.

Kuɗin tumaki goman da ba ki saya ba ga inda za su tafi: shinge, ruwa, rumfa, irin shuka, abincin rani, da ɗan abin da za a ɓoye don magani. Za ki ga ba su yi yawa ba.

Game da mutanen biyu, kada ki tsaya a tsakiya kina kai saƙo. Ki haɗa su a filin ranar awo. Ki miƙa wa Yaya lauje, ki ba maigida sikeli, ke ki riƙe takarda da biro. Ki gode wa Yaya da ya ga filin yana da amfani, ki gode wa maigida da ya hango rani, sannan cikin ladabi ki nuna musu cewa shawarar ƙarshe taki ce, tunda gadonki ne da guminki. In Yaya ya nace kan ashirin, ki tambaye shi ko zai ɗauki nauyin kilo 12,000 na abincin da za su ci a shekara.

Ƙarshen ranin farko shi zai gaya miki ko za ki ƙara. Ki ɗora hannu a bayan kowace tunkiya, daidai bayan haƙarƙari na ƙarshe, don gashi yana ɓoye rama. In kin ji ƙashin a lulluɓe da tsoka, ga sauran ingirici a ma'ajiya, filin kuma babu sabon faƙo, ki bar 'yan mata biyu daga cikin waɗanda aka haifa su zama iyaye. In kuwa tun tsakiyar rani kika ga ajiyar ba za ta kai ba, ki rage su a lokacin, suna da jikinsu. Ki fara da raguna, sai wadda ba ta haihu ba, sai wadda ta fi yawan buƙatar maganin tsutsa.

Allah Ya ba da sa'a, Ya daidaita tsakaninku.